Babi na Bakwai: Abin da Takun Dattijo Ke Faɗa

A shekarar 1997 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wata 'yar gajeriyar takarda daga garin Umea da ke arewacin Suwidin. Lillemor Lundin-Olsson, ƙwararriya a fannin gashi da motsa jiki, ita da abokan aikinta biyu sun lura da wani abu a gidan kula da tsofaffi. In ana rakiyar dattijo daga ɗakinsa zuwa ɗakin gwaji aka ja shi da hira, wani yakan ci gaba da tafiyarsa yana amsawa, wani kuwa sai ya ja ya tsaya cak kafin ya buɗe baki. Cikin tsofaffi 58 da suka bibiya, 12 ne masu tsayawa. Kafin wata shida ya cika, 10 daga cikin waɗannan 12 sun faɗi.

Ba su yi amfani da wata na'ura ba, ido ne kawai da kunne. Amma abin da suka gani ya rushe wani zato da kusan kowa ke da shi, wato cewa tafiya aikin ƙafa ce kaɗai. Mai lafiya yana tafe yana lissafin kuɗin cefane, yana gaisawa da maƙwabta, bai ma san yana taku ba. Kowane taku kuwa sai da haɗin kan ido, da cikin kunne inda ma'aunin daidaituwar jiki yake, da jijiyoyin tafin ƙafa, da tsoka, da zuciya, da huhu, da ƙwaƙwalwa. In ɗayansu ya fara gazawa, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar nauyin cike giɓin, har ta kai ba ta da sararin haɗa tafiya da magana. Tsayawar dattijon nan a tsakiyar baranda alama ce ta cewa jikinsa ya ƙure iyakarsa.

Shi ya sa likitocin tsofaffi suka ɗauki tafiya da muhimmancin da mu sauran jama'a ba mu ba ta ba. Mukan ce sannu ba ta hana zuwa, kuma gaskiya ne, sai dai a jikin dattijo sannun nan tana ɗauke da labari. A 2011 Stephanie Studenski ta Jami'ar Pittsburgh a Amurka, tare da abokan aikinta, sun haɗa bayanan mutum 34,485 masu shekara 65 zuwa sama daga bincike tara, waɗanda aka bibiya tsawon shekara 6 zuwa 21. Abin da aka yi wa kowannensu mai sauƙi ne: ya taka 'yan mitoci a tafiyarsa ta kullum, wani na riƙe da agogo. Sakamakon ya nuna cewa mai cin kusan mita 0.8 a sakan yana kan matsakaicin tsawon rai na tsararsa, mai cin mita 1 ko fiye kuwa galibi yakan zarce abin da ake sa rai ga mai shekarunsa. Rai na hannun Allah, kuma lissafin nan bai san ranar kowa ba, magana yake a kan taron jama'a. Duk da haka abin lura ne cewa shekaru, da jinsi, da saurin tafiya kaɗai sun yi hasashe daidai gwargwadon wanda ake samu in an tattara tarihin cututtuka, da hawan jini, da shan taba, da kwanciya asibiti.

To in agogo ya isa, mene ne amfanin maƙala wa tsoho na'ura?

Amsa ta farko ita ce akwai abin da agogo da ido ba sa kamawa. Brian Maki a Toronto ta Kanada ya nuna tun 1997 cewa rage sauri da gajarta taku sun fi alaƙa da tsoron faɗuwa, alhali abin da ya fi nuna wanda zai faɗi shi ne rashin daidaito tsakanin wannan taku da na bayansa. Mata masu lugude sun san wannan. Sauri ko nawa ba shi ke sa taɓare su gwabzu ba, matuƙar kowace na sauke tata a kan lokaci. Ranar da ɗaya ta riƙa gaggawa a wannan bugu tana jinkiri a wancan, ranar ake jin ciwo. Jeffrey Hausdorff, wanda a lokacin yake aiki a Boston, shi ya sa wa abin lamba. A binciken da ya fitar a 2001, ya saka wa tsofaffi 52 masu shekara 70 zuwa sama wata shimfiɗa mai jin nauyi a cikin takalmi, suka yi tafiyar minti shida, sannan ya bibiye su shekara guda. Mutum 20 suka faɗi. Da aka koma ga bayanan farko, sai aka ga lokacin takun waɗanda suka faɗi yana kai-komo da kusan milisakan 106, na waɗanda ba su faɗi ba kuwa milisakan 49. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Babu likitan da idonsa zai raba 106 da 49, komai daɗewarsa a aiki.

Na'urar da ake amfani da ita yau ta fi waccan shimfiɗa ƙanƙanta da sauƙi. A cikinta akwai ma'aunin fizga, wanda ɗan mitsitsin nauyi ne da aka sassaƙa a jikin silikon, yana rataye da wasu siraran sifirin da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. In jiki ya zabura gaba, ɗan nauyin nan yakan ɗan yi baya, in jiki ya tsaya yakan ɗan yi gaba, kuma wannan gusawar ce ake mayarwa lamba. Akan auna ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Asalin yaɗuwar wannan fasaha daga motoci ne, inda a farkon shekarun 1990 aka soma amfani da ita don ta gane karo ta buɗe jakar iska. Ita ce kuma ke juya hoto in ka karkata wayarka. Sau da yawa akan haɗa ta da ma'aunin juyi, mai faɗin yadda gaɓa ke karkata ko jiki ke kewayawa. Wata da masu bincike ke yawan amfani da ita, Axivity AX3 da aka ƙera a Newcastle ta Ingila, nauyinta gram 11 ne, kuma tana iya ɗaukar awo sau 100 a kowane sakan har tsawon mako ba tare da caji ba.

Inda ake ɗaura ta yana da tasiri sosai. Ta wuyan hannu ta fi daɗin sakawa, mutane ba sa ƙin ta, amma hannu yana da nasa harkokin: yana cin abinci, yana nuni, yana jan carbi, duk na'ura na rubutawa. Ta kan ƙafa ko idon sawu ita ta fi ganin taku filla-filla. Tana da wata fa'ida kuma, domin ƙananan kurakuran awo kan taru su yi yawa cikin 'yan sakanni, amma da yake ƙafa na tsayawa cik a ƙasa a kowane taku, manhaja na samun damar share kuskuren ta sake farawa. Masu bincike da yawa sun fi son ƙasan baya, daidai tsatso, saboda nan ne kusa da cibiyar nauyin jiki, kuma na'ura guda a wurin tana jin ƙafafu biyu. Duk lokacin da diddige ya daki ƙasa, girgizar na hawa ta ƙwauri da cinya ta iso tsatso, ta fito a zanen awon kamar tsini. Daga tsini zuwa tsini, ga lokacin taku.

Tsawon taku kuma ta wata dabara ake samo shi, wadda Wiebren Zijlstra da At Hof na Groningen a Holan suka bayyana a 2003. Mai tafiya ba ya tafiya a shimfiɗe. In ya dogara a kan ƙafa ɗaya yana haye ta, jikinsa na ɗan tashi sama, in ƙafafu biyu suka buɗe suna ƙasa sai ya ɗan sauko. Gwargwadon faɗin taku, gwargwadon wannan hawa da sauka. In an san tsawon ƙafar mutum, aka kuma auna 'yan santimitocin da tsatsonsa ya hau ya sauka, lissafi zai ba da tsawon takunsa. A haɗa da lokaci, ga sauri. Daga nan ake fitar da sauran: ko ƙafar dama da ta hagu na raba aiki daidai, ko gangar jiki na tangaɗi, da tsawon lokacin da ƙafafu biyu ke ƙasa tare. A tafiyar mai lafiya wannan lokaci bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na lokacin taku ba. In ya ƙaru, mutum ya daina yarda da ƙafa ɗaya ta ɗauke shi.

Amsa ta biyu ita ce ta fi girma a wurina. Na'ura na bin dattijo gida. Gwajin asibiti, irin wanda Podsiadlo da Richardson suka tsara a Kanada a 1991 inda mutum ke tashi daga kujera ya taka mita uku ya juyo ya zauna, ana yin sa ne a daɓe mai laushi, da haske, ba yara, ba kaya a hannu, ga ma'aikaci a gefe. Kuma wane dattijo ne zai yarda ya nuna gazawa a gaban baƙo? Zai miƙe, ya tattara ƙarfinsa, ya taka kamar na shekara goma baya. Bincike da dama sun tabbatar da cewa saurin da ake gani a asibiti ya fi na yawancin tafiyar gida. Asibiti na nuna abin da mutum zai iya in ya dage, gida na nuna abin da yake yi. A gida kuwa tafiya guntu-guntu ce. Wani bincike na 2008 a Amurka ya gano cewa ko a tsakanin masu lafiya da ke zuwa aiki, kusan kashi 40 cikin 100 na tafiye-tafiyen yini ba su kai taku 12 a jere ba. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa banɗaki, a juya, a tsaya, a sake tashi. A nan rayuwa take, a nan kuma ake faɗuwa.

Stephen Robinovitch na Jami'ar Simon Fraser ya nuna hakan ta hanyar da ba ta da gardama. Shi da tawagarsa sun tattara bidiyon faɗuwa 227 na mutum 130 a gidajen kula da tsofaffi biyu a yammacin Kanada, suka buga sakamakon a 2013. Santsi, wanda kowa ke ɗora wa laifi, kashi 3 cikin 100 kawai ya haddasa. Tuntuɓe ya ɗauki kashi 21. Mafi yawa, kashi 41, kuskure ne wajen sauya nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan, kamar lokacin juyawa, ko miƙa hannu, ko fara tafiya. Ka tambayi wanda ya faɗi, sau da yawa zai ce maka zamewa ya yi, ba don yana ƙarya ba, sai don abin ya faru cikin ƙiftawar ido. Wasu ma ba sa faɗa ko kaɗan, don kunya ko don gudun a hana su fita.

Wannan ne ya sa a 2019 aka ƙaddamar da wani babban shiri a Turai mai suna Mobilise-D, ƙarƙashin jagorancin Lynn Rochester ta Jami'ar Newcastle, da haɗin gwiwar jami'o'i, asibitoci da kamfanonin magani. Sun maƙala na'ura guda a ƙasan bayan mutane sama da 2,000, tana kwana bakwai a jiki a kowane zagaye, cikinsu akwai masu cutar Parkinson, da masu ciwon huhu mai toshe numfashi, da waɗanda suka karye a ƙashin kwatangwalo. Kafin nan sai da suka fara da aiki mai gajiyarwa, wanda ni a ganina shi ne ginshiƙin komai: gwada ko manhajar na gane tafiya in ta gan ta, ko saurin da take faɗa shi ne na gaskiya, ta hanyar kwatanta ta da wasu ma'aunai da aka riga aka amince da su. Burinsu shi ne a wayi gari mai gwada sabon magani zai iya cewa maganin ya sa maras lafiya na tafiya da kyau a gidansa, kuma hukuma ta karɓi hujjar.

Akwai kuma abin da tafiya ke nunawa tun cuta ba ta bayyana ba. Tsakanin 2013 da 2015 shirin UK Biobank na Birtaniya ya aika wa mutum sama da 100,000 na'urar wuyan hannu suka sa mako guda. A 2023 masu bincike a Jami'ar Cardiff suka koma ga waɗannan bayanai, suka ga cewa waɗanda daga baya aka tabbatar suna da cutar Parkinson motsinsu ya riga ya ragu, wasu har shekara bakwai kafin likita ya gano. Wani bincike a Oregon ta Amurka a 2010 ya nuna cewa saurin tafiya kan fara zubewa da gaggawa kusan shekara 12 kafin a ga alamun farko na raunin tunani, wanda a wasu kan kai ga gigin tsufa. Wannan ba ya nufin duk wanda ya rage sauri ya kama hanyar waɗannan cututtuka. Ciwon gwiwa, ƙarancin jini, ciwon suga da ya taɓa jijiyar ƙafa, yanar ido, ko wani magani mai sa jiri, kowanne na iya zama sila, kuma da yawansu ana maganinsu.

A nan ya kamata a ɗan tsaya kan ƙidayar taku, tunda ita ce abin da yawancin masu waya suka sani. Adadin 10,000 da ake yayatawa ba daga asibiti ya fito ba. Daga tallar wata na'urar ƙidaya ne da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965. Lokacin da I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bibiyi mata 16,741 masu matsakaicin shekara 72, ta samu a 2019 cewa masu taku kusan 4,400 a rana mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsu sosai in an kwatanta da masu 2,700, kuma amfanin na ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Tsohuwar da aka ce mata sai 10,000 za ta iya karaya tun ba ta fara ba, alhali ƙarin taku dubu biyu ya isa ya amfane ta.

Na'urorin nan suna da rauninsu, kuma raunin ya faɗo daidai kan waɗanda suka fi bukata. Mai tafiya a hankali ƙwarai, mai jan ƙafa, mai dogara sanda, diddigensa ba ya dukan ƙasa da ƙarfi, don haka tsinin da manhaja ke nema ya dushe, sai ta ƙirga ƙasa da abin da ya taka ko ta ɗauka ma bai motsa ba. Wayar iPhone tun 2021 tana ba da maki kan tsayuwar tafiyar mai ita, amma sai wayar na aljihu kusa da ƙugu, kuma tsofaffi nawa ne ke yawo da waya a jiki a tsakar gida?

Sai kuma batun su wa aka auna. Kusan duk binciken da na ambata zuwa nan a Turai aka yi shi ko Arewacin Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. Dattijonmu na tafiya ne da silifa ko fade, a kan yashi ko turɓaya, cikin babbar riga, tsohuwa kuma cikin zani da ke taƙaita faɗin taku. Yana tashi daga tabarma ba daga kujera ba, yana tsugunawa ya yi alwala, yana ruku'u da sujada sau da yawa a yini, yana tsallake dokin ƙofa da kwata, yana fita sallar asuba cikin duhu. Manhajar da ta koyi aikinta a jikin mai takalmi sau-ciki a kan daɓen siminti dole a sake gwada ta a kan wannan rayuwa kafin a gaskata lambobinta. Aiki ne da sassan gashi na asibitocin koyarwarmu za su iya, domin na'urar ba ta kai tsadar manyan injinan asibiti ba, kuma wanda ya san yadda ake zama a gidajenmu shi zai san abin da ya kamata a tambaya.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da iyali za su yi da sakamakon. Mun san yadda ake yi in tsoho ya faɗi sau ɗaya. “Baba, don Allah ka zauna, bari yara su je.” “Inna, kar ki tashi, me za a kawo miki?” Ƙauna ce ke sa haka, ba shakka. Amma tsokar da ba ta aiki narkewa take, kuma a jikin tsoho tana narkewa da sauri. Bayan 'yan watanni Baban da aka zaunar ya fi da rauni, ya fi da tsoro, ya daina zuwa masallaci da majalisa, kuma ranar da ya tashi shi kaɗai da dare haɗarin ya ninka. In na'ura za ta zama sabon dalilin zaunar da dattawa, gara ba a sa ta ba. Haka kuma bai halatta a maƙala wa mutum abin da ke rubuta lokacin tashinsa da kwanciyarsa da yawan shigarsa banɗaki ba sai da saninsa da yardarsa, ko da 'ya'yansa ne suka saya.

Hujjar da ke hannu tana nuna akasin zama. Wani babban nazari da Catherine Sherrington ta Jami'ar Sydney ta jagoranta a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 100, ya samu cewa motsa jiki na rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin 100, musamman atisayen da ke horar da daidaituwa. Shirin Otago da aka tsara a Niyu Zilan, wanda ake yi a gida, ya rage ta da kusan kashi 35. Ba wani abu ne mai wuya ba: tashi da zama daga kujera, tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ana dafe da bango, tafiya diddige na bin yatsu, tafiya gefe-gefe da baya-baya, sau uku a mako, ana ƙara wahalar a hankali. A nan na'ura ke da aiki na biyu, domin ita za ta nuna bayan wata uku ko takun ya daidaita, ko tafiyar gida ta ƙaru, ko kuwa a canza salo.

Inda babu na'ura, agogon waya ya isa a fara. A auna mita 4 a wuri mai laushi, dattijo ya taka yadda ya saba, da sandarsa in yana riƙewa, wani na kusa da shi. Sakan 5 daidai yake da mita 0.8 a sakan, iyakar da ƙa'idojin duniya kan rigakafin faɗuwa na 2022 suka ɗauka wajen tantance masu haɗari. A rubuta lambar da kwanan wata, a sake bayan wata shida. In lokacin ya ƙaru, ko an taɓa faɗuwa cikin shekarar, a je asibiti da duk magungunan da yake sha a leda guda, a nemi a duba idonsa da ƙafarsa da takalminsa, a kuma auna jininsa yana kwance sannan a sake aunawa bayan ya miƙe tsaye.